Makullin Tanon Batir

Ko da za a share mini duk abin da ke cikin kaina, ranar da baƙin Yamai suka zo duba tanon batir na garinmu ba za ta fita ba. In ma na so mantawa, akwai tabo a leɓen jikata da ke tuna mini duk lokacin da ta yi murmushi.

Bari in fara da halinmu, don kada a ce na ɗora wa mutum ɗaya laifi. Mu a Kurfai batir ba ya mutuwa, suma yake yi. In rediyo ya fara magana ƙasa-ƙasa, sai a ciro batiran a shanya su bisa rufin rumbu su sha rana. In sun ƙi, a cije su da haƙori. In sun kafe sun ƙi tashi, to a lokacin ne ma aikinsu na biyu yake farawa. A fasa su a zazzage baƙin garin da ke ciki. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kwaɓa shi da ƙaro ya shafe allonsa, mai jaki ya barbaɗa wa gyambon bayan jakinsa, mu kuwa mata mu ja baƙin layi da shi a gindin bangon ɗakin amarya, ya yi ta ƙyalli. Amaryar da aka kai ɗaki babu wannan layi, sai a yi ta gulmar danginta har a bakin rijiya.

Cikin wannan hali ne wasu masu poroje, wato aikin tallafi na ƙungiya, suka iso da farar mota. Suka tara mu ƙarƙashin gawo, wani ya yi ta zuba Faransanci, wani yana juya mana. Aka nuna mana hotuna na hannuwa da suka ɗaye da bakin yaro da ya kumbura, aka ce abin da ke cikin batir dafi ne, yana cin fata, yana shiga ƙasa ya gangara rijiya. Aka sauke wani koren tano, wato duro na ƙarfe, mai ƴar kafa a sama da kwado a gefe. Kowa ya jefa mataccen batir ciki, in ya cika babbar mota za ta zo ta kai shi inda ake narkarwa. Aka raba riguna da huluna, aka ci shinkafa, aka kafa kwamiti. Ni aka sa wakiliyar mata, ba don na fi kowa sani ba, don dai ni ce ke zaune a gaba. Shugabanci kuwa, da makullin kwadon, suka faɗa hannun yayan mijina.

Allah ya ba shi lafiya, yana nan da ransa. Mutum ne mai son a kira shi da muƙami. Tun ranar ya daina amsa sunansa, sai an ce Perzidan. Makullin nan ya sa masa igiyar fata ya rataya a wuya, bisa riga, inda kowa zai gani. Ko masallaci zai je sai ka ji shi yana kaɗawa.

Da farko tanon ya zauna wayam, don babu mai jefar da abin da bai mutu ba. Sai aka sa ƴan lakwal tsinta, ƙauyukan kewaye ma suka riƙa aikowa ranar kasuwa. Kafin kaka tano ya cika har baki. Babbar mota kuwa shiru. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, ba mota ba labarinta. Ga tanon ƙarfe a tsakiyar rana yana ɗaukar zafi. Ranar da Perzidan ya buɗe don ya ga inda aka kwana, ya ɗauki batir biyu masu ɗumi ya gwada a cocilarsa, sai ga haske. Shi ke nan, magana ta ƙare. A ganinsa mutanen Yamai wayo suka yi mana, suna so su kwashe dukiya a banza.

Daga nan ya zama mai kyauta. Wanda rediyonsa ya yi sanyi ya zo ya durƙusa, Perzidan ya ciro makulli a hankali, ya zaɓa masa. Mai jaki ya zo, malamin lakwal ya aiko. Da can dafin a warwatse yake, kowa da ɗan nasa. Yanzu poroje ya taimaka ya tattaro na ƙasar duka wuri guda, ya naɗa wanda zai riƙa raba shi bisa tsari. Ni dai ina kallo, raina yana ɓaci, amma mace ba ta tsayawa gaban yayan mijinta ta ce masa ya yi kuskure. Ko sunansa ba na faɗa, balle in gyara masa aiki.

Sai ga bikin ƴarsa ya taso. Gida ɗaya muke, babban gida, tsakar gida ɗaya. Don a san ƴar Perzidan ce ake aurarwa, ya sa aka juye tanon kaf aka kawo cikin buhu. Gwaggwannin amarya suka baje a tsakar gida da duwatsu, suna fasawa suna waƙa. Ba layi ɗaya za a ja ba, wai har rabin bango za a shafe. A lokacin ɗiyata tana gida da ƴarta mai rarrafe, irin yaran nan da ko kashin akuya suka gani sai sun ɗanɗana. Hoton bakin yaron nan da aka nuna mana ya ƙi barin idona. Na ce musu su koma bayan gida, akwai yarinya a ƙasa. Wayyo, da na sani da na yi shiru. Babbar gwaggo ta ce tun kafin a haife ni take wannan aiki, ga ta nan da haƙoranta. Sauran suka sa mini suna Madam Poroje, suna tambaya ko farar motar ce za ta zo ɗaukata. Na aika mijina ya yi wa yayansa magana, ya je ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce Yaya ya ce an ji. Na goya jikata, na yini da ita a baya kamar ni na haife ta.

Ana gobe kai amarya, saƙo ya iso cewa baƙi suna tafe daga Yamai washegari, za su ɗauki hoton tano cike, don a nuna wa waɗanda suka ba da taimako. Ban taɓa ganin dattijo ya rame cikin yini ɗaya ba sai ranar. Ya bi gida-gida yana karɓo kyautar da ya yi, wasu suka ba shi, wasu suka ce ai ba a mayar da kyauta. Da abin bai kai ko'ina ba, ya ce a tattaro ɓawon waɗanda aka fasa, a zuba a ƙasan tano, a rufe samansa da masu kyau. Hoto ai sama yake ɗauka. Aka share tsakar gida aka tara fasassun cikin wani babban kwano, wasu na tsiyayar da farin ruwa mai kauri, aka ajiye bakin zaure kafin a kai.

Da hantsi baƙi suka iso, kafin a gama dabarar. Gida ya rikice. Ga makaɗan biki, ga masu guɗa, ga Perzidan ya ɗora rigar poroje bisa babbar riga, ta matse shi har hannuwansa ba sa sauka. Ya tare baƙin a ƙofar gida ya fara jawabi, don ya ja lokaci samari su sulale da kwanon ta baya. Samarin kuwa sun tafi kallon mota. Ni aka ce in kawo wa baƙi fura, tunda ni ce wakiliyar mata. Na sauke yarinyar na miƙa wa uwarta, aka kira uwar ta riƙe wa amarya mayafi, ta ajiye ta kan tabarma kusa da gwaggwanni. Kowa ya ɗauka wani yana kallonta.

Ina durƙushe gaban baƙi da ƙwaryar fura na ji kukan. Duk wadda ta yi reno ta san bambancin kukan rigima da na azaba. Na saki ƙwaryar na ruga. Na same ta zaune jikin kwanon, fasasshen batir a hannunta, bakinta baƙi ƙirin, miyau na zuba, leɓenta na ƙasa ya yi fari ya fara tashi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kife ta bisa hannuna bakin randa na yi ta kwarara mata ruwa a baki. Uwarta ta faɗi tana ihu. Babbar gwaggo ta ce a kawo man shanu, wata ta ce a kira masu bori su duba ko an taka wani abu. Na ce babu abin da aka taka, ga abin da ta ci nan a kwano.

Garinmu zuwa Filinge, inda gidan likita yake, tafiya ce, a amalanke sai rana ta karkata. Ga mota tsaye a ƙofar gida. Na fito da yarinya a hannu, na tarar Perzidan bai daina jawabi ba, ya kai wajen da yake cewa albarkacin wannan aiki yaranmu sun tsira. Ya hango ni, ya yi mini alama da hannu in koma ciki, kada baƙi su gani. Na nufi babban cikin baƙin, wani mai tabarau, na nuna masa bakin yarinyar. Ya ja da baya, ya ce abin tausayi ne ƙwarai, amma dokar ofis ta hana a ɗauki wanda ba ma'aikaci ba a motar, sai ya kira Yamai ya nemi izini. Ya ɗaga salula sama yana neman rezo, wato sabis ɗin waya, yana juyawa gabas da yamma.

A nan kunya ta fita daga idona. Na juya ga mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Yaya," na ce, "ku ci gaba da jawabinku. In ta mutu sai ku sa ta a ƙasan tanon, ku rufe da masu kyau, tunda hoto sama yake ɗauka."

Har makaɗa suka tsaya. Ban jira amsa ba, na buɗe ƙofar gaba ta motar na zauna inda mai tabarau yake zama. Direban, wani Bazabarme mai furfura, ya dube ni ya dubi yarinyar, ya ta da mota. Muka bar shugabansa tsaye da hannu a sama.

A gidan likita aka wanke mata baki, aka duba maƙogwaronta, aka ce Allah ya taimaka ba ta haɗiye ba. Muka yi kwanaki ana ɗiga mata nono da cokali, don ba ta iya kama mama. Ta tashi, amma leɓen ya warke da tabo.

Da muka dawo na tarar labari ya riga ni. Matan da suka kira ni Madam Poroje su ne suka zo gaisuwa suna sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi musu taro, babu wanda ya raba riga. Kowace ta kalli bakin yarinyar ta koma gida ta share ƙarƙashin gadonta. Muka haɗu muka kai tanon wurin maƙeri ya toshe ƙofar gefen gaba ɗaya, ya bar ƴar kafar sama kawai, muka mayar da shi inuwa. Babbar motar da ta gagara zuwa sai ga ta cikin makon, na ji an ce mai tabarau ne ya matsa, wataƙila tsayuwar da ya sha a rana ce ta taimaka. Da za su kwashe sai da suka yanke tanon, suka bar mana sabo. Layin ɗakin amarya kuwa muka koma yin sa da gawayi da ƙaro. Bai kai wancan ƙyalli ba, kuma ba a fasa aure ko ɗaya saboda haka ba.

Yau in ka shiga kasuwar Filinge za ka ga irin tanon, na ji an ce har Damana da Sanam akwai. Abin ya wuce ƙananan batiran rediyo, ana karɓar na babur da manyan nan na sola, kuma motar tana zuwa, ko da ba kullum a kan lokaci ba. Duk shekara in an yi taro, Perzidan ake ba abin magana ya ba da tarihi, yadda ya hango haɗarin tun kowa yana barci, yadda ya sha wuya kafin mata su gane. Makullin yana nan a wuyansa, ko da yake babu kwadon da yake buɗewa. Jikata, wadda yanzu take lakwal, tana cikin yaran da ake jerawa su tafa masa.

Abin da na koya shi ne, mu ba ma jin gargaɗi a hoto, sai ya shigo gida ya taɓa namu. Kuma duk abin da aka ce na kare jama'a ne, kada a rataya makullinsa a wuyan wanda ake jin kunyar yi wa magana. Mun yi ta girmama babba har ƙarama ta biya da leɓenta. Ranar nan ta tambaye ni ko tabon zai ɓace kafin ta yi aure, na ce mata ban sani ba.