Jinin Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, ga shi kuma sunan surukinta aka sa mini. Kowa da laƙabi yake kirana, ita kuwa ko laƙabin ba ta faɗa. In ta zuba mini tuwo sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." Na girma na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini ciwo.

Ana tsakiyar karyar masara ƙanena ya kira ni ina Funtua, ya ce Inna ta faɗi a tsakar gida, sun taho da ita asibiti a Malumfashi. Gyambon cikinta ne ya tashi, ya janye mata jini. Na iske ta kwance, tafin hannunta fari fat.

Likita ya ce sai an ƙara mata jini kafin komai. Akwai irin nata a ajiye, amma Inna ta girgiza kai. Ita jinin wanda ba ta san uwarsa ba ba zai shiga jikinta ba. Mun yi lallashi har mun gaji.

Aka gwada mu, nawa da na autanmu suka dace. Nan kawu, wan Inna, ya yanke hukunci kamar yadda ya saba yi ko a kan rabon taki.

"A ɗebi na auta. Ai shi ne nata."

Na ja baya na jingina da bango. Gaskiya ya faɗa, auta ne nata.

Nas ɗin da ke kula da Inna, wata doguwa marar son wasa, ta dube shi ta ce, "Alhaji, ba kai za a ƙara wa ba. Tana cikin hankalinta, doka ita ta ba wa zaɓi. Namu mu auna lafiyar jinin."

Ta juya wajen Inna. "Hajiya, na wa kike so?"

Inna ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mu mun san wannan shirun, nas ba ta sani ba. Ta sake tambaya, shiru. Sai ta kore mu waje gaba ɗaya, har da kawu, yana tafe yana mita.

Muna zaune a benci, auta har ya naɗe hannun riga, sai ga nas ta leƙo tana ƙwala kiran wani suna. Babu wanda ya motsa. Ta maimaita da ƙarfi. Ƙanwata ta zungure ni.

"Yaya, kai fa ake kira."

Sunana ne na yanka. Rabon da in ji shi tun ina makaranta, kuma a cikinmu babu wanda ya faɗa wa nas.

Ina kwance ana ɗibar jinin na kasa haƙuri, na tambayi nas ko da bakinta Inna ta faɗa.

"Da bakinta mana, a kunne ta raɗa mini. Sai da na ce ta sake don ban ji ba."

Inna ta warke, ta koma gida kafin a gama yankan dawa. Ranar da na je gaishe ta, ta kawar da kai, ta tura kwano gaban ƙanwata.

"Kai wa wancan," in ji ta.

Na karɓa na cinye tas.