Ɗakin da Na Gina wa Yayana

Ni na yi kuskure, kuma da hannuna na yi shi, bulo bisa bulo. Magini ne ni a Kusada. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da idon gini, in na kalli bango sau ɗaya sai in yi irinsa.

Yayana ne ya koya mini aikin. Da taɓin hankali ya same shi bayan rasuwar mahaifinmu, muka kai shi tsohon asibitin gwamnati na masu wannan lalura a birni. Duk mako biyu nakan hau babur zuwa Kankia, in shiga mota in je duba shi. Har yau ina kewar wurin. Ginin dutse ne na zamanin Turawa, kaurin bangonsa ya fi kamu guda, ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi kamar randa. Doguwar baranda ta zagaye tsakar gida, itatuwan bedi sun yi mata inuwa, marasa lafiya na zaune, wasu na dara, wani na ɗinkin hula. Nan muke shimfiɗa tabarma mu ci rogo da ƙuli, yana nuna mini yadda aka jera duwatsun kan ƙofa ba rodi ko ɗaya.

"Duba nan, ƙane," yakan ce. "Maginan da ba irinku ba ne, 'yan a gama a tafi."

A bayan barandar akwai wasu ƙananan ɗakuna a jere. Tagarsu can sama daf da rufi, da sandunan ƙarfe, sakata kuma ta waje. Na auna su da taku. A raina na ce ashe haka ake yi wa mai wannan ciwo ɗaki. Ban tambayi kowa ba, tunda gwamnati ce ta gina.

Da aka sallame shi da magani, sai na gina masa irin ɗakunan nan sak a ƙuryar gidanmu. Maƙwabta suka zo kallo, na yi ta bayani kamar likita. Nakan ce ban taɓa kulle shi ba, amma ƙarya ce. Na sa sakatar ranar sunan ɗana, saboda baƙi, bayan nan kuma hannuna ya saba.

Ya yi damina huɗu a ciki. Mutumin da a da yake zama ƙofar gida yana tsokanar matan Fulani masu nono, yana cewa rabin ƙwaryarsu ruwa ne, suna ramawa, sai ya koma ba ya cewa uffan. Na ce maganin ne.

Wata rana ina gina wa wani dattijo shago a Rimaye, hira ta kawo cewa a asibitin nan ya yi aikin jinya har ya yi ritaya. Na washe baki na ba shi labarin ɗakina. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Waɗanne ɗakuna ka kwaikwaya? Na baya?"

"Su, Baba."

"Kai, magini! Ai waɗannan tun wurin na haɗe da gidan yari aka yi su. Ko da na kama aiki, buhunan gero da karyayyun gadaje muke zubawa ciki. Ba ka ga baranda ba?"

"Na gani."

"To, ita ce asibitin. Ka je har can ka kwaso mana sito."

Ban ƙarasa aikin ranar ba. Na iso gida bayan la'asar, na fara cire sakatar, sannan na ɗauko guduma na auna bangon daidai ƙirjin mutum a zaune, ta gefen da ke kallon hanya, na hau fasa taga. Yayana na kan tabarma yana kallona. Da bulo na uku ya faɗi, haske ya zubo masa a ƙafa, ya kare ido da hannu.

"Mi bangon ya yi maka?" ya ce. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta.

Na ajiye gudumar na durƙusa a gabansa.

"Yaya, bango bai yi komai ba, ni ne. Kurkuku na gina maka ina kiransa asibiti, kuma na kulle ka don kunyar mutane. Don Allah ka yafe mini."