Baba Abarci da Ranar Lalla

Kafin rana ta leƙo, Baba Abarci ya ɗaura wa sansa na jan ruwa igiya a bakin babbar rijiyar hanyar Korahane. San ya yi gaba, igiya na kuka a kan itace, wasaki ya taso yana ɗigar ruwa. A haka ya tsufa, yana shayar da dabbobin mutane.

Rana ɗaya ce a tsakiyar bazara yake kwance san, ya zauna, ya ce yau ta Lalla ce.

Lalla baiwa ce ta zamanin kakanni, lokacin da bawa ba ya kurɓar ruwa sai raƙuman ubangidansa sun ƙoshi. Da ɗiyarta ta suma don ƙishi, sai ta jefa gugarta kafin kowa. Aka doke ta, ta ƙi sakin igiya. Tun daga nan, in ji Baba, wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗiba. Daga bakin kakarsa ya ji labarin, kuma tsoronsa ɗaya: kada a rufe shi a kabari tare da sunanta.

Ya sha zuwa meri, ofishin magajin gari, roƙon a mai da ranar ta hutu, kullum sai a ce za a duba. Hamani makiyayi har tsokanarsa yake, wai hutun mutum ɗaya da sa ɗaya. Baba sai ya lumshe ido, ya ce shi yana ganinta sarai: lakwal a rufe ba ɗalibi ko ɗaya, kasuwa shiru, garin Dakoro duka a bakin rijiya cikin fararen tufafi.

Bana ciwon ƙafa ya kwantar da shi, muka ce shi ke nan. Ashe! Da safiyar ranar Lalla ba wanda ya ɗaura wa dabba igiya, har da Hamani. Mata suka ja ruwa da hannu, Maraya maƙwabciyarsa ta kai masa ruwan gugar farko a ƙwarya har shimfiɗa.

"Baba, ruwan Lalla ne."

Ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar kafin ya sha. Wallahi ni ma sai da na yi ƙwalla.

Kai ne ka riƙe igiyar nan shekara da shekaru, Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Meri ba ta amsa ba tukuna. Ku da ƙafafunku ke da ƙarfi, ku koma ku roƙa a madadinsa, kowa kuma ya tambayi tsofaffin garinsu wace ce tasu Lallar. Shi dai Baba ya ce yanzu barcinsa ya yi daɗi.