Mai Ninke Tuta a Fresno

Don Epifanio Quiroz ya yi yaƙin Koriya, ya dawo garinsu Fresno ya ci gaba da tsinkar inabi, amma ko takalmin gonarsa kullum sai ya sha gogewa. Da 'yarsa Lupita da abokanta suka fara wasan kwaikwayo a bayan babbar mota, suna sukar kwasar samarin unguwa zuwa Vietnam, sai ya ce marasa kishin ƙasa ne. Duk da haka shi ya ara musu kakinsa, har da yi masa guga.

Ranar farko aka zo inda ake miƙa wa uwar mamacin soja tuta, saurayin da ke fitowa a matsayin hafsa ya dunƙule ta kamar tsumma. Don Epifanio ya haye motar ya karɓe, ya ninke ta kusurwa uku, ya durƙusa ya miƙa.

Tun daga nan kowace Asabar shi ke ninkewa, yana kuma rantsuwa ba ya cikin wasan.

Lupita ta tsokane shi, "Baba, to me kake yi a kan motarmu?"

Ya ce, "Haka aka miƙa wa mamarki tutar yayanki ranar jana'izarsa. Ku yi shirmenku, amma wannan ba a kuskure shi."