Na'urar Jini Ta Yi Magana, Malam Surajo Ba Ya Nan

Ta yi magana, Malam Surajo! Na'urar gwajin jinin nan ta yi magana da kwamfuta, kuma har yau ba ta yi shiru ba. Kai ne kawai ba ka nan.

Jama'a, ku gafarce ni, na fara da abin da ya cika mini ciki kafin sallama. Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Malam Surajo Abdulmalik, ma'aikacin ɗakin gwajin jini na ƙaramin asibitinmu, ranar Talata tara ga watan Rajab, a hatsarin mota dab da Kwanar Dangora. Daga Kano yake dawowa, da wata 'yar gajeriyar waya mai kai biyu a aljihunsa, wadda suke kira adafta. Ita ya je saye.

Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, da furfurata na koyi riƙe biro a ajin yamma. Amma wannan magana ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Jikata Hasiya tana da sikila. Duk ranar da ciwon ya tashi, sai an auna jininta kafin a san ko za a yi mata ƙari. Tun da tsawa ta ƙona gilashin na'urarmu a daminar bara, sai ta zama tana karɓar jini tana aunawa, amma ba ta da inda za ta nuna sakamako. Sai dai mu ɗauki yarinya tana kuka mu kama hanyar Kano. Malam Surajo, kai ka riƙa cewa da ni, "Baba Mudi, na'urar nan ta san amsar, baki ne ba ta da shi." Ka ce akwai kafa a bayanta, in aka haɗa ta da kwamfuta da adafta, sakamakon zai fito a can.

Abin da ya ci mana rai ke nan. Ka sayo, ka haɗa, ka kira wani mai gyaran kwamfuta a Kano ya yi ta faɗa maka inda za ka taɓa, lambobi su fito, mu yi murna. Gari na wayewa, shiru. Ka ce jabu aka sayar maka, ka koma ka sayo wata. Ita ma haka. Rannan da haushi ya ishe ni na ce ka ɗauki na'urar mu jefa ta a dam ɗin Tiga. Ka yi dariya ka ce, "Baba, kifin ma ba za su ji yarenta ba." Kuma ranar kai ka goya Hasiya a babur har bakin titi, ka tsaya sai da muka sami mota.

Bayan an yi maka sutura, abokiyar aikinka Malama Shamsiyya ta karɓi adaftar da aka samu a aljihunka, ta haɗa, ta kira mutumin Kano. Lambobi suka fito. Washegari ma suka fito, har aka tashi daga zaman makoki. Sai wani maƙwabci ya shigo ɗakin gwajin kamar yadda aka saba, ya zare adaftar ya sa wayarsa caji a jikin kwamfutar, da ya gama ya mayar da ita wata kafar daban. Nan take shiru.

A nan ta gane. Kowa ya san ɗakinka ne kaɗai mai wutar sola a unguwar, kuma ba ka taɓa korar mai neman caji ba. Ashe in aka sauya wa adaftar kafa, kwamfuta sai ta ɗauke ta baƙuwa, ta ci gaba da sauraron tsohuwar kafar. Kwanakin makoki kunya ta hana mutane shiga, shi ya sa ta zauna lafiya. Adaftocinka duk lafiyarsu lau, Malam Surajo. Ajali ne, na sani, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma takaicin nan ya ƙi barin ƙirjina.

Yanzu Malama Shamsiyya ta naɗe adaftar da filasta kamar rauni, ta toshe sauran kafofin. Masu caji kuma mun ja musu waya zuwa baranda, don kada alherinka ya yanke.

Jiya ciwon Hasiya ya tashi. Ba mu je Kano ba. Kafin in gama alwala sakamako ya fito, aka ce jininta bai yi ƙasa ba. Na yi ta dariya hawaye na zuba, har yarinyar ta ce, "Kaka, kai ne mara lafiyar?"

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sa duk jinin da za a auna a ɗakin nan ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Malama Luba, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka Hajiya Baturiya. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Mutanen Kiru da Bebeji, na Tudun Wada har Doguwa, duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya zuwa Kano saboda gwajin jini, ya zo ya gani da idonsa. Ku zo ku ga aikin Surajo, ku yi masa addu'a. Amma don Allah, wayoyinku a baranda.

Mudi, kakan Hasiya