Bashiru, mutumin da ya sa bidiyonmu ya buɗe a kowace waya

Yanzu da safen nan, ina tsaye a bakin fadama a Diggi, aka kira ni wai Bashiru ya rasu. Zazzaɓi na kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kuka, amma gaskiya fushina ya fi kukan yawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba: ni malamin gona ne a Kalgo, ina ɗaukar bidiyo kan noman shinkafa. Bashiru, ɗan Gwandu, shi ya gina shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoma, shi ke ɗora bidiyon.

Da farko bidiyon a kwamfutar ofis kaɗai yake buɗewa. Manomi ya danna a wayarsa, sai baƙin allo. Bashiru ya riƙa fitar da kowane bidiyo kala uku, har da mara nauyi, don in burauzar wayarka, wato manhajar buɗe shafi, ta ƙi wannan ta ɗauki wancan.

Tsofaffin wayoyi biyar yake yawo da su a jaka, wata ma da roba aka ɗaure ta. Sai ya gwada a kowacce kafin ya ce ya gama.

Na taɓa yi masa tsiya a kan haka. Ya ce, "Malam Umaru, in wanga abu bai buɗe ga wayar Baba Ɗanjuma ba, to don wa muka yi shi?" Baba Ɗanjuma tsoho ne a Diggi, wayarsa ta fi ta kowa tsufa.

Bara aka yi sabon shugaba. Ya ce shafin bai yi kama da na zamani ba, ya karɓe shi ya ba ƙanin matarsa a birni. Ko kiran Bashiru ba a yi ba. Ya wayi gari an canja fasuwod, an goge sunansa daga ƙasan shafi.

Ƙanin matar shugaban ya cire kala ukun nan, ya bar guda ɗaya mai nauyi. Da tsutsa ta faɗa wa shinkafa bana, na yi bidiyon yadda ake haɗa magani. Bai buɗe wa mutanen ƙauye ba. Wasu suka haɗa da ka, suka ƙona shukarsu.

Na faɗa a mitin. Aka ce in zauna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Gwandu ce, ina zagin mutanen nan. Bai taya ni ba. Ya ce, "Turo min bidiyon kawai, in rage shi, ka raba musu ta memori." Ya yi shi a zaune kan benci, mota na jiran cika.

Yau shugaban nan ne ya fara rubuta ta'aziyya, yana kiransa ginshiƙin ƙungiya. Alhaji, yana raye ba ka iya ɗaga waya ka ce masa na gode ba. Ka ji tsoron Allah. Ka mayar da sunansa a shafin.

Ya bar matarsa Sa'adatu da ɗiya biyu ƙanana.

Allah Ya gafarta maka, Bashiru, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Ni kuma Allah Ya sanyaya min zuciya, don har yanzu ban huce ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.