Tukunyar Iskar da Ta Rage

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura a kan babur, ni da yayana. Injin ban ruwansa ne ya sulale cikin dam, kwana uku ke nan albasarsa ba ta sha ruwa ba. An ce mana a wani ƙauye bayan Mai'adua akwai dattijon da ya yi aikin nutso a tekun Legas, shi muka nufa. Ni dai raka shi kawai na yi, don ban yarda akwai mai iya shiga zurfin nan ya fito ba.

Har Mai'adua kwalta ce, daga nan sai rairayi. Sau biyu muna sauka mu tura. A wata mararraba muka sha fura da nono mai kauri da araha, amma yayana ko rabin kwano bai iya shanyewa ba.

Dattijon ɗan siriri ne, ka rantse iska za ta ɗauke shi. Ya kai mu wani ɗakin ƙasa mai sanyi, ba rufin kwano a sama, ba rana. Ga tukunyar iskar da yake shaƙa a ƙarƙashin ruwa a tsaye kusa da randa, an ɗaure ta da igiya jikin bango kada ta faɗi, an rufe bakinta. Ya ce zafi da laima su ne abokan gabarta, kuma ba a taɓa barin ta wayam.

Da na tambaye shi ina tukunya ta biyun da aka ce mana yana da ita, sai ya yi dariya. Ashe da damina ya yi tafiya, matarsa ta ji maƙwabta na cewa tukunyar gas ce, ta ji tsoron gobara. Ta fitar da guda bayan gida, ta buɗe ta har ta huce, ta bar ta a buɗe. Ya ɗauko mana ita ya girgiza, muka ji tsatsa tana ƙara a ciki kamar tsaba.

Daga cikin gida matar ta ɗaga murya: "Malam, ai da ka ce iska ce, da ban taɓa ba!"

Ya buɗe mai kyaun kaɗan ya shinshina, ya duba agogon da ke nuna yawan iskar. "Samari, nutso ɗaya ya rage a ciki. In ban same shi ba, sai dai haƙuri."

Da hantsi muka isa dam. Ya goya tukunyar, ya yi bisimilla, ruwa ya rufe shi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutum kamar ni yana can ƙasa yana numfashi, mu ba ma ganin komai sai kumfa tana tasowa tana matsawa a hankali. Yayana na riƙe da bakin igiyar da dattijon ya nutsa da ita. Kumfar ta tsaya wuri guda, ta daɗe, har na fara salati a fili. Can sai igiya ta motsa sau uku, alamar ya ɗaure injin. Mu shida, har da manoman da ke wurin, muka ja, injin ya fito dumu-dumu da laka, dattijon na biye yana tofar da ruwa. Yayana ya durƙusa yana share lakar daga jikin injin.

Na bar shi can da makanikin da ya kira ya duba injin, na dawo Daura bayan la'asar a motar haya. Ni mutum ne mai yar da kayan aiki duk inda na gama da su, kuma yau na ji kunya. Albasar gidanmu ta tsira ne saboda wani dattijo ya yi watanni yana kula da abin da ko ganinsa ba a yi. Kafin in ci abinci sai da na kwaso fartanyata da buhunan da na bari a tsakar gida na shigar ɗaki.